Ƙusar Wureida

Alhamis, bayan la'asar

Kaka Tibra ta ƙara ƙusa a bangon tsakar gida. Na cire.

Bangon nan ba ya bukatar ƙari. Ga tata, ga ta marigayi Babana da har yau ba mu taɓa ba, ga tawa a ƙarshe, kowace da dutsen kaushinta rataye da zare. Haka ake yi a gidanmu tun kafin a haifi Kaka. Duk wanda ya zo da takalmin gida, wato fatar nan mai kauri, rawaya, da ke rufe mana tafin hannu da tafin ƙafa, sai a buga masa ƙusa a rataya masa dutse. Kowace Alhamis mu jiƙa a daro, Kaka ta goge, ta fere da aska, ta cike faso da kitsen tozon raƙumi. Wanda ya zo da hannu irin na mutane ba shi da ƙusa. Baffa Belgasim, ƙanen Babana, ba shi da ita. 'Yarsa Galiya, matata, ba ta da ita.

To ta wa aka buga?

Na ce, "Amarya, sabon miji kika yi ne, kika buga masa wurin rataye hula?"

Ta ce, "Miƙo ƙafa, ɗan nema."

Na ce, "In tsoho ne ki sauko da ita ƙasa, kar ya karye wajen miƙewa."

Ba ta zage ni ba. Tsohuwar da ke zagina tun daga kan uwata har jakinmu. Jiya ta je gidan Baffa duba Galiya, da ke jegon fari a ɗakin uwarta, ta ga 'yarmu Wureida. Tun da ta dawo bakinta ya mutu.

Juma'a, bayan masallaci

Ta sake bugawa. Na sake cirewa.

Asabar, azahar, a gindin dabino

Furen dabino ya buɗe, aiki ya kama. Tun asuba nake sama ina ɗaura wa matan dabino furen namiji. Ammar, maƙwabcinmu, yana ƙasa yana fama da igiya da takalmi, ni na hau uku na sauko. Na leƙo na ce masa, "In ka iso ka gaida mutanen sama, ka ce Lazhar ya wuce tun ɗazu." Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda aka haifa da takalmi.

Ai abin yana da ranarsa. Malaminmu na allo sai da ya daina dukana a hannu, don bulalarsa ce ke shan wuya, ni ina hamma. Da hannun nan na sami Galiya. Ranar wata Sallah na ɗauki garwashi daga murhun shayi na miƙa mata, na ce, "'Yar Baffa, ga dabino ya nuna." Ta yi dariya har ta ƙware. Baffa bai yi ba. Shi da ya tafi har wani gari ya auro Inna Mas'uda don ya tsere wa jinin gidanmu, sai ga 'yarsa ta ce ni ko ba kowa. Kaka ce ta zaunar da shi.

Da cikin ya tsufa nakan ce mata, "Ki haifo mana shi da takalminsa, mu huta da baduku." Takan jefe ni da ƙwallon dabino. Ranar suna ma na faɗa a gaban mutane, kowa ya yi dariya. Hannun yarinyar ranar kamar cikin gurasa mai zafi. Kowa ya gani. Na gani da idona.

Litinin, bayan magariba

Na je gidan Baffa da sukari da ganyen shayi. Inna Mas'uda ta tare ni a zaure, ta ce mai jego barci take.

Na ce, "Inna, barcin nan tun makon jiya ne, ko dai a yayyafa mata ruwa?"

Ta shiga ta fito da Wureida a naɗe kamar tsarabar Makka, fuska kawai a waje. Na miƙa hannu, ta ce in bari, yanzu ta sha nono. Amma yarinyar ta yi miƙa, hannu ɗaya ya kuɓuce. An sa mata lalle. Ba ɗigon nan da ake yi wa jarirai ranar suna ba, tafin gaba ɗaya, har wuyan hannu, ja wur.

Na ce, "Kai, har an yi mata miji ban sani ba?"

Inna ta mayar da hannun cikin zane, ta ce, "Maganin baki ne."

Na ji tarin Galiya a bayan labule. Na san tarinta na barci, na san na ido biyu.

Talata, asuba

Maganin baki ne. Ana yi.

Alhamis, bayan la'asar

Ƙusa ta koma bango. Na cire na sa a aljihu tare da 'yan'uwanta. Ban san inda tsohuwar nan ke samo su ba, ina jin ƙofar bayan gida ta kusa faɗowa.

Muna zaune ƙafafuna cikin daro, na ce, "Kaka, ke da ba kya ganin zare a allura, me kika gani a hannun jaririya?"

Ta ce, "Wa ya ce maka gani ake yi?"

"To taɓawa? Da wannan kofaton naki? Ke da kika riƙe kunama kika ce ƙwallon dabino ne?"

Ta ɗaga askar kamar za ta yanke ni, sai ta ajiye. Ta ce, "Hannunmu ba ya jin abu mai laushi, Lazhar. Da leɓe ake ji. Na sumbaci na ubanka na ji. Na sumbaci na Belgasim ban ji ba, sai da na sake, na sake, har ungozoma ta ce zan cinye yaron. Naka kuwa ban gama kai baki ba."

Na ce, "Leɓenki ya tsufa."

Ta ce, "Allah ya sa."

Ta fere ni yau har ta kai ga nama. Ba ta taɓa yi ba.

Lahadi, hantsi

Mai motar da ke zuwa gari ya tsayar da ni yana tambayar jikin yarinya. Na ce wace yarinya? Ashe jiya ya kai Baffa da Inna da Galiya asibiti, da abu a naɗe a zane. Ba wanda ya gaya mini. Na ce masa, "Ai ni na aike su, hanci za a rage mata, ta ɗauko na kakanta." Ya yi ta dariya yana dukan sitiyari.

Na hau dabino na zauna a sama ban ɗaura ko fure ɗaya ba. Daga can ana hango rufin gidan Baffa. An shanya ƙananan kaya.

Talata, bayan isha'i

Abin da na yi yau, da a bara ne, da garin nan ya shekara yana ba da labari.

Na saci baƙin lulluɓin Kaka, na rufa har ido ɗaya kawai ke leƙe, na duƙa, na bi ayarin matan unguwar gabas da suka zo barka. Inna Mas'uda da kanta ta shimfiɗa mini tabarma tana "Sannu Hajiya, daga ina?" Na yi mata nishi irin na tsofaffi na nuna maƙogwaro. Har dabino ta tura mini, mai kyau, irin wanda ba ta taɓa ba ni ba.

Galiya na jingine da bango. Ta rame. Gashinta ba kitso. Mata na ta surutu a kan tsadar man zaitun, ita tana kallon ƙofa.

Aka fara zagayawa da jaririya. Lallen sabo ne, an sake sawa a kan na da, ya yi duhu, har tafin ƙafa. Da ta iso kaina na karɓe ta ta cikin mayafi don kar a ga hannuna. Ba ta da nauyi. Ta kama ɗan yatsana ta riƙe, na ga ta riƙe, amma ban ji ba. Sai na ja lulluɓin na rufe mu ni da ita, na buɗe tafin, na kai baki.

Ƙamshin lalle ne da nono.

Da na ɗago, Galiya ba ƙofa take kallo ba. Ƙafafuna take kallo, sun leƙo ta ƙarƙashin zane. Duk garin nan ba tsohuwar da ke da irinsu sai ɗaya, ita kuwa tana gida. Na jira. Na ce yanzu za ta toshe baki, kafaɗarta ta fara rawa, yanzu za ta ƙware kamar ranar garwashi. Har na kashe mata idon nan ɗaya.

Ta taso ta karɓi 'yarta. Ta ce, "Hajiya, rana ta yi, a gaida gida."

Laraba, asuba

Ban ji komai ba. Lalle yana busar da fata, kowa ya sani.

Laraba, azahar

Ban ji komai ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ban jiƙa ba yau, na ce da Kaka ina da aiki. Ta ce lulluɓinta yana warin ɗan iska, in wanke mata. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban gaya mata ba. Da zan fita na cire ƙusar. Wannan karon da ƙyar ta fito, da dutse ta buga ta.

Juma'a, bayan masallaci

Baffa ya riƙe ni a ƙofar masallaci, muka koma bayan bango inda ake ɗaure jakai. Bai ba ni hannu ba. Dama ba ya so, yakan ba ni 'yan yatsu ne kamar mai taɓa tukunya.

Ya ce likita ta yi musu bayani. Abin ba ya fitowa sai ya zo ta wajen uba ya zo ta wajen uwa. Duk cikin da Galiya za ta yi da ni, ko ya zo da shi ko ya tsira, ba mai iya cewa.

Na ce, "Ta wajen uwa? Ashe Baffa kai ma kana da naka takalmin, a aljihu ka ɓoye shi?"

Na ɗauka zai mare ni. Da ya mara. Sai ya juya tafin hannunsa yana kallo, fari sol, mai laushi, hannun mai kanti. Ya ce, "Ni na ba ta. Na yi ta gudu shekara da shekaru, ashe a cikina yake."



Ya ce, "Ɗana, ba ƙinka nake ba. Na girma ina jin yara na kiran uwata mai kofato. Ba a cin abincinmu ranar biki. Ɗaya ta isa. Ka sauwaƙe mata."

Na ce jakin can na wa ne, ya yi kama da Ammar. Na tafi.

Lahadi, magariba

Ammar ya bar takalmansa a gindin dabino yini guda, ya dawo ya same su yadda ya bar su, ba ƙwaro, ba kashin jaki irin wanda na saba cusa masa. Ya zazzage su, ya leƙa, ya sake zazzagewa. Ya ce, "Lazhar, lafiya kake?"

Litinin, hantsi

Faso ya buɗe a dunduniyar hagu tun da na tsallake Alhamis. Ina barin jini a jikin dabino. Gobe arba'in.

Talata, bayan isha'i

Na yi yadda ake yi. Na share ɗaki, na turara, na ɗaura wa jaki shimfiɗa mai kyau, na ɗauki sukari da turmin atamfa na Inna. Kaka ta murza kuskus tun safe don tarbar mai jego, ta ce in yi sauri kar ya huce.

An karɓi sukarin. An ba ni shayi a zaure. Baffa ya ce ba ta gama warwarewa ba. Na ce a bar ni in ji daga bakinta. Inna ta shiga, ta daɗe, ta fito ita kaɗai.

Na biyo ta tsakiyar kasuwa da jaki ba kowa a kai. Wani ya ce, "Ina amarya?" Na ce, "Ga ta nan, ba ka ga ta rame ba?" Suka yi dariya. Kullum suna yi.

Kuskus ɗin yana nan a rufe.

Laraba, la'asar

Bango ba sabuwar ƙusa. Kaka ba ta buga ba yau. Na zagaya na sake dubawa.

Alhamis, bayan magariba

Ta zo.

Muna tsakar gida, Kaka na zuba ruwa a daro, sai sallama. Galiya ce, da Wureida a kafaɗa. Na leƙa bayanta in ga mai ɗauke da akwati. Ba kowa. Ko ƙunshin kaya babu.

Ta gaida Kaka ta zauna a bakin tabarma, wurin baƙi. Ta kwance zanen. An bar lallen ya koɗe. Ba sai an kai baki ba yanzu.

Ta ce, "Kaka, ki koya mini. Da dare tana kuka tana murza ƙafa, ban san me zan yi mata ba."

Kaka ta ce dutse sai ta yi wayo, yanzu ruwa ne mai ɗumi da man zaitun, a bi tsakanin yatsu, a busar sosai don kar ya yi wari. Ta nuna mata. Galiya na kallo kamar mai ɗaukar karatu. Ni ina tsaye da ƙafa ɗaya a daro kamar zalɓe.

Na ce, "'Yar Baffa, kin ga mun huta da baduku."

Ban san me ya sa na faɗa ba. Bakin ne ya saba.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Kai ka iya dariya da shi, Lazhar. Ni ma na taya ka, da zuciya ɗaya. Amma na gwada a kanta, ta ƙi fitowa. Mace ce. Wa zai ci kuskus ɗin da ta murza?"

Kaka ta ce, "Ubanki ya ci nawa har ya yi gemu."

Galiya ta ce, "Ya ci, Kaka. A ɓoye."

Tsohuwar ta ci gaba da juya ruwa.

Na ce, "Lallen fa? Ni kike ɓoye wa?"

Ta ce, "Kaina. In na ga ja sai in ce lalle ne." Ta goge wa yarinyar ƙafa. "Ba hannunka nake gudu ba, ka sani. Da shi na saba barci. Amma tun ranar suna, kullum da asuba sai na kai bakina tafin yarinyar nan ina roƙon Allah, har ranar da na ji. Ba zan iya sakewa ba. Ba zan iya ɗaukar wani cikin wata tara ina jiran in kai baki ba. In na dawo ɗakin nan kuma, ka san za a sake."

Na ce za mu yi haƙuri. Ta dube ni, na dube ta. Mu biyun mun san ƙarya ne.

Ta ce, "Ka ba Baba abin da ya roƙa. Zan riƙa kawo ta duk Alhamis." Sai ta ɗaga kai ta bi bango da ido, ta Kaka, ta Babana, tawa. Ta ce, "Ina tata?"

Na sa hannu a aljihu. Suka zubo ƙasa gaba ɗaya, suna ƙara, wata ta gangara har cikin daro. Kaka ta ce, "Ɓarawon banza, ashe kai ne ka hana ƙofar bayan gida rufuwa." Kafaɗar Galiya ta motsa. Sau ɗaya. Na gani.

Na zaɓi wadda ba ta lanƙwashe ba, na ɗora kusa da tawa. Galiya ta ce, "Yi ƙasa." Na sauko. Ta ce, "Ƙara. Inda hannunta zai kai in ta fara tafiya." Na durƙusa na buga ta daidai gwiwata.

Da aka kira magariba ta naɗe 'yarta. Na raka su har bakin layi. Ta ce in koma, ina zubar da jini a hanya.

Juma'a, bayan masallaci

Na faɗa wa Baffa, a gaban liman da Ammar. Kalmar saki ba ta da tsawo. Ya ba ni hannu, duka tafin, ya riƙe ya daɗe. Ban ji ba.

Asabar

Dabino.

Litinin, hantsi

Na sami dutse a kasuwa, ƙarami, mai laushin haƙori. Mai sayarwa ya ce wannan ai na yara ne. Na ce ƙafata ce ta koma yarinta.

Alhamis, kafin la'asar

Na share tsakar gida tun azahar. Kaka ta ce in na ƙara sharewa zan kai ga ruwa. Na wanke ƙaramin kwano, na ɗumama man zaitun a rana, na rataya dutsen a ƙusarsa, yana lilo can ƙasa shi kaɗai.

Na haɗa ruwan na tsoma hannu na ce ya yi daidai. Kaka ta ce, "Da wane hannun? Dafa mini jika za ka yi?"

Na duƙa na kai leɓe. Ya yi zafi. Na surka, na sake kai leɓe.

Yanzu ya yi. In ba su yi sauri ba zai huce, sai in sake ɗorawa.